Yadda na haɗa kundin waƙoƙi na darasin Turanci, daga takardar umarni zuwa ranar miƙawa

A farkon zangon karatu malamar Turanci ta raba mana takarda mai shafi ɗaya, ta ce kowa zai haɗa kundin waƙoƙi nasa na kansa, kuma makin aikin zai shiga sakamakon ƙarshen zango. Abin da takardar ta nema shi ne waƙoƙin Turanci guda goma a kan jigo ɗaya, aƙalla biyu daga ciki waɗanda aka rubuta kafin shekarar 1900, aƙalla ɗaya mai tsarin sonet (waƙa mai layi 14), aƙalla ɗaya ta mawaƙin da ba ɗan Ingila ko Amurka ba, sai gajeren sharhi a kan kowace waƙa, gabatarwa, waƙa ɗaya da ɗalibi ya rubuta da kansa, da jerin inda aka samo kowace. A ranar aji ya rabu biyu. Wasu sun ɗauka su ne za su rubuta waƙoƙin goma gaba ɗaya, hankalinsu ya tashi. Wasu kuma suka ce ai wannan aikin dare ɗaya ne, a kwafo daga intanet, a buga, a miƙa. Ni ina tsakiya, ban san wane ɓangare zan bi ba, domin takardar ba ta faɗi inda maki yake ba. Sai da wata ta ɗaga hannu a darasi na gaba ta tambaya, sannan Malama ta rubuta rabon makin a allo. Fiye da rabi yana kan gabatarwa da sharhi da dalilin jera waƙoƙin yadda aka jera su. Ado da bango su ne mafi ƙanƙanta. Saboda haka abu na farko da zan ce wa duk wanda aka ba irin wannan aiki shi ne ya nemi ganin rabon maki tun ranar farko. Waƙoƙin na wasu ne, ba za a ba ka maki don wani ya iya waƙa ba. Abin da ake dubawa shi ne zaɓenka da hujjarka.

Mataki na farko shi ne a amince da jigo, kuma ba a yarda kowa ya ci gaba ba sai Malama ta sa hannu a takardarsa. Lokacin tara muke zuwa mu tsaya a ƙofar ofishin malamai, ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Jiran ya yi mini amfani, don ina jin abin da ake faɗa wa na gabana. Wanda ya ce soyayya aka dawo da shi, wadda ta ce rayuwa aka dawo da ita, mai mutuwa ma haka. Da na shiga na ce, "Malama, ni iyali nake so." Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Iyali ya yi faɗi. A waƙoƙin da kike tunani, wa ke magana, kuma da wa yake yi?" Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ce waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne inda uwa ko uba ke magana da ɗa, ko ɗa ke magana da iyayensa. Ta ce, "To, rubuta wannan a jimla ɗaya ki kawo." Jimlar da ta sa wa hannu ita ce: abin da iyaye da 'ya'ya suke faɗa wa juna, da abin da suke kasa faɗa sai lokaci ya wuce. Daga baya na gane amfanin wannan tsanani. Jigo mai faɗi ba ya taimaka maka ka ƙi wata waƙa, kowace ka ɗauko sai ta shiga. Jigon da aka matse shi ne yake ce maka wannan ta dace, waccan ba ta dace ba, ko da kana son ta.

Daga nan sai laburare. Na shiga ban san ta inda zan fara ba, na tsaya ina karanta bayan littattafai ɗaya ɗaya har ma'aikacin wurin ya lura ya zo. Na ce, "Malam, waƙoƙin Turanci nake nema." Ya nuna mini cewa a tsarin lambobin Dewey, wanda laburarori da yawa ke bi, waƙoƙin Ingila suna lamba 821, na Amurka suna 811, kundayen da suka haɗa waƙoƙi daga al'ummu daban-daban kuma suna 808.81. Sai ya buɗe bayan wani babban kundi ya nuna mini abin da ban taɓa kula da shi ba: jerin sunayen mawaƙa, jerin sunayen waƙoƙi, da jerin layin farko na kowace waƙa, wasu ma har da jerin jigogi. Idan ka tuna yadda waƙa ta fara amma ka manta sunanta, a nan za ka same ta. Matsalar laburare ɗaya ce, ajinmu gaba ɗaya littattafai kaɗan ɗin nan yake so. Manyan kundayen ba a ba da aronsu, sai dai ka zauna ka karanta a wurin, ƙananan kuma sai ka rubuta sunanka ka jira wanda ya riga ka ya dawo da su. Wanda ya fara da wuri shi ya samu natsuwa. Malam ɗin ya kuma ba ni shawarar da ta fi kowace ceto na: kowace waƙa na karanta ta burge ni, in rubuta nan take sunan mawaƙi, sunan waƙa, sunan littafi, wanda ya tattara shi, kamfanin da ya buga, shekara da lambar shafi. Na ware littafin rubutu guda don wannan. A makon ƙarshe na ga 'yan ajinmu suna komawa laburare suna laluben shafin da suka samo waƙa makonni da suka wuce, littafin kuma yana hannun wani.

Na karanta waƙoƙi da yawa fiye da waɗanda ake buƙata, nesa ba kusa ba, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake, ko da yake ba ya bayyana a abin da ake miƙawa. Hanyar da na bi ita ce in karanta waƙa sau biyu, na biyun da murya, in rufe littafin, in gwada faɗin abin da ya faru a cikinta da bakina. Idan na kasa, ko na ji ba ni da abin cewa a kanta bayan "tana da daɗi", sai in wuce ta. Akwai wadda na fi so a duk abin da na karanta, amma babu uwa ko uba ko ɗa a cikinta, na yi ta juya ta ko za ta shiga, a ƙarshe na haƙura. Akwai kuma wadda ba na so sosai amma na ɗauka, wato "If—" ta Rudyard Kipling, wadda ta fito a 1910. Uba ne yake jera wa ɗansa sharuɗɗan zama cikakken mutum, daga farko har ƙarshe shi kaɗai ke magana. Na ɗauke ta ne don in ajiye ta kusa da "Once Upon a Time" ta Gabriel Okara, inda uban ke faɗa wa ɗansa cewa shi ya koyi dariyar da ba ta kai zuciya ba, yana roƙon yaron ya koya masa dariyar gaskiya. Uba mai koyarwa a shafi ɗaya, uba mai neman a koya masa a shafi na gaba. Ranar da na ga wannan haɗi ne na fahimci abin da Malama take nufi da cewa jerawa ma rubutu ce.

Matakin da ya fi cin lokaci, kuma babu wanda ya gargaɗe mu a kansa, shi ne tabbatar da cewa waƙar da ke hannunka ita ce yadda mai ita ya rubuta. Intanet yana da sauri, ni ma na yi amfani da shi, amma duk waƙar da na samo a can sai na gwada ta da bugun littafi layi bayan layi. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Wasu shafuka sun haɗe baitoci sun cire tazarar da ke tsakaninsu, wasu sun tura dukan layuka tsakiyar shafi don ado, wasu sun yar da layi guda, wasu kuma sun liƙa wa waƙa sunan mawaƙin da bai rubuta ta ba. A rubutacciyar waƙa, inda layi ya yanke yana cikin ma'ana, idan ka canza shi ka canza waƙar. "Mother to Son" ta Langston Hughes, ta 1922, an rubuta ta ne da irin Turancin bakin uwar da ke magana, da kalmomin da aka datse wa ƙarshe, kuma na ga kwafin da wani ya "gyara" ya mayar da su daidaitaccen Turanci, muryar uwar ta ɓace gaba ɗaya. Waƙar Chinua Achebe ta fi rikita ni, domin na same ta da suna biyu da kalmomi da suka ɗan bambanta. Ashe duka biyun nasa ne. "Refugee Mother and Child" ita ce ta cikin littafinsa na 1971, daga baya ya sake gyara ta ya kira ta "A Mother in a Refugee Camp". Na kai wa Malama su biyun, ta ce in zaɓi ɗaya in faɗa a sharhi wadda na zaɓa da dalili. Haka ma "On My First Son" ta Ben Jonson, akwai bugun da ya bar tsohon rubutun ƙarni na 17, akwai wanda ya sabunta haruffan. Ƙawata da ta ɗauki waƙoƙin Emily Dickinson ta fi ni shan wahala, don waɗanda suka fara buga su a 1890, bayan rasuwarta, sun canza alamomin rubutunta sun kuma laƙaba wa waƙoƙin sunaye, sai a bugun Thomas Johnson na 1955 aka dawo da su kusa da yadda ta bar su. Tsofaffin bugun su ne suka fi yawo kyauta, don haka wanda bai sani ba zai ɗauka su ne na asali.

Sannan aka zo sharhi. Malama ta ce kada kowane ya wuce rabin shafi, kuma ya amsa abu uku: me ke faruwa a waƙar, yaya aka gina ta, me ya sa take cikin wannan kundi. Ta karɓi daftarin sharhi biyu daga kowa ta tafi da su, muka jira kusan mako kafin su dawo. Da ta raba su, kusan kowa ya ga an ja jan layi a kan sakin layinsa na farko, inda aka rubuta an haifi wane a shekara kaza a gari kaza ya yi karatu a wuri kaza. Ta tsaya a gaban aji ta ce, "Tarihin mawaƙi ba sharhi ba ne. Ku kawo shi idan zai buɗe waƙar, in ba haka ba ku bar shi." Na gwada wannan ma'auni a nawa. A waƙar Jonson tarihi ya zama dole, domin ɗansa na fari ya rasu yana da shekara bakwai a annobar 1603, kuma waƙar tana maganar yaron kamar bashi ne da aka ba shi na shekara bakwai aka zo karɓa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka adon magana ne kawai. A "Digging" ta Seamus Heaney, wadda ta buɗe littafinsa na farko a 1966, ya isa a ce mahaifinsa manomi ne, domin waƙar da kanta ta nuna uban yana haƙa a gona, kakan yana yankan ƙasar da ake ƙonawa a matsayin makamashi, shi kuma ɗan ya ce da alƙalami zai yi nasa haƙan. Lambar Nobel da ya samu a 1995 ba ta ƙara wa sharhin komai ba, na cire ta.

Ɓangaren "yaya aka gina ta" shi ne ya fi ba mu tsoro, saboda mun saba haddace sunayen dabarun salo muna jera su: ga kamantawa, ga siffantawa, ga mutuntarwa. Malama ba ta ba da maki a kan nuna dabara da yatsa, sai ka faɗi aikin da ta yi. Waƙar Dylan Thomas, "Do not go gentle into that good night", ita ta koya mini wannan. Layi 19 gare ta, baitoci biyar masu layi uku-uku da na ƙarshe mai layi huɗu, amsa-amo iri biyu kacal, layi na ɗaya da na uku kuma suna ta dawowa bi da bi har su haɗu a ƙarshe. Da farko abin da na rubuta ke nan, lissafi tsantsa. Sai na karanta ta da murya sau da yawa, na ji cewa ɗa ne yake roƙon mahaifinsa kada ya miƙa wuya ga mutuwa, kuma mai roƙo ba shi da sabuwar magana, abu ɗaya yake ta maimaitawa. Tsarin waƙar shi ne roƙon. Wannan jimla ɗaya ta fi dukan lissafin daraja a wurin Malama. Ga kari kuma, na koyi buga yatsa a tebur ina karantawa. Yawancin sonet na Turanci layinsu gaɓa goma ne, mai sauƙi sannan mai nauyi, sau biyar, kuma inda mawaƙi ya karya wannan tsari galibi akwai abin da yake so ka lura da shi.

Maganar sonet ta sa na sake komawa ƙofar ofishin malamai. Ina da "Those Winter Sundays" ta Robert Hayden, inda ɗa yake tuna yadda mahaifinsa ke tashi cikin sanyin asuba har ranar hutu ya hura wuta ya goge masa takalma, ba wanda ya taɓa yi masa godiya. Layinta 14 kamar sonet, amma ba ta bin tsarin amsa-amo na sonet, ba irin na Shakespeare mai baitoci uku masu layi huɗu da layi biyu na rufewa ba, ba kuma irin na Italiya mai takwas da shida ba. Na tambaya ko za ta cika sharaɗin. Malama ta yi murmushi ta ce, "Ki yi wannan gardamar a sharhi, zan ji daɗin karanta ta. Amma ki sa wata wadda ba gardama a kanta, kada mai duba aiki na biyu ya rage miki." A nan na fara jin cewa wani malami daban yakan duba wasu kundayen don daidaita maki. Na ɗauko sonet ɗin da Christina Rossetti ta sadaukar wa mahaifiyarta a farkon littafinta na 1881, ta cika mini sharaɗi biyu a lokaci guda, sonet da kuma kafin 1900. Duk inda kuka ga sharaɗi zai iya ɗaukar fassara biyu, ku tambaya tun kafin ku buga, kuma ku rubuta amsar da aka ba ku.

Waƙata ta kaina na bar ta sai bayan na gama sharhin sauran, kuma ina ganin haka ya fi, don a lokacin kunnena ya riga ya cika da muryoyi goma. Waɗanda suka fara da tasu sun yi ta tilasta amsa-amo, suna kawo kalmar da ba sa nufi don kawai ta dace da ƙarshen layin sama. Ni na rubuta a kan wayar da nake yi da mahaifina, yadda muke tambayar juna lafiya da karatu da aiki, mu yi shiru, mu yi sallama, kowa da abin da bai faɗa ba. Ba amsa-amo, gajerun layuka. Kunya ce ta fi damuna, ba wahalar rubutu ba, musamman da aka ce mu musanya daftari da abokin zama ya karanta ya rubuta tambayoyi biyu. Wadda ta karanta tawa ta ce baiti na ƙarshe yana bayyana abin da sauran suka riga suka nuna, na cire shi, waƙar ta fi ƙarfi. Abin lura a nan, sharhin waƙarka ma ana buƙatarsa, kuma ana so ka nuna wace waƙa a cikin kundin ta yi maka tasiri. Na ambaci ta Hayden.

Jerawa na yi ta ne a ƙasa. Na buga kowace waƙa a takarda ɗaya na shimfiɗa su a tsakar ɗaki ina matsar da su, kamar mai zaunar da baƙi yana duba wa zai iya hira da wa. Hanya mafi sauƙi ita ce bin shekarun da aka rubuta su, kuma da yawa haka suka yi, amma idan aka tambaye ka dalili ba ka da amsa sai kalanda. Na bi tafiyar rayuwa. Na buɗe da "Infant Joy" ta William Blake, ta 1789, inda jariri ɗan kwana biyu da ba a raɗa wa suna ba yake magana. Sai iyaye masu nasiha: Kipling, Okara, Hughes. Sai 'ya'yan da suka girma suna waiwaye: Rossetti, Heaney, Hayden. Sai rashi: Jonson da Achebe, iyaye da ke rasa 'ya'ya, sannan Thomas, ɗa da ke rasa uba. Inda zan sa tawa ya ɗauke ni tunani. Ƙarshe ya yi kama da girman kai, a ce ni ce zan rufe bayan Thomas, farko kuma ya fi muni. Na sa ta bayan ta Hayden, tun da ita take amsawa. Gabatarwa ita na rubuta a ƙarshen komai, shafi ɗaya da rabi, na bayyana jigon, dalilin jerin, da waƙa guda da na bari a waje da abin da ya sa. Malama ta ce daga baya wannan ɓangaren na abin da aka bari shi ne ya nuna mata cewa an yi zaɓe da gaske.

Bugawa tana da nata tarkon. Manhajar rubutu a kwamfuta tana son ta mayar da harafin farko na kowane layi babba, tana ja wa kalmomin Hughes jan layi tana neman gyara su, tana kuma karya dogon layi ta jefa sauran ƙasa kamar sabon layi ne. Na kashe gyaran kai-tsaye gaba ɗaya kafin na fara, dogon layin da bai shiga ba kuma na tura ragowarsa ciki kaɗan yadda ake yi a littattafai. Ina so kowace waƙa ta kasance a shafin hagu, sharhinta a dama, don mai karatu ya ga su biyun lokaci guda, kuma wannan yana nufin waƙa ta faɗa a shafi mai lambar da biyu ke rabawa. Ƙumshiya sai bayan lambobin shafi sun zauna. Idan za a naɗe takardu biyu a ɗinke a tsakiya kamar ƙaramin littafi, dole yawan shafukan ya zama wanda huɗu ke rabawa, in ba haka ba za a sami fararen shafuka a ƙarshe. Na mayar da aikin PDF kafin in kai shi wurin bugawa, domin na ga yadda na wani ya wargaje da aka buɗe shi a wata kwamfuta, baitoci suka tsallaka shafi. Wajen kuɗi, bugu mai launi ya ninka na baƙi da fari sau da yawa, bango mai tauri kuma ya fi komai tsada, alhali makinsu kaɗan ne. Na buga ciki da baƙi da fari, na zana bangon da hannuna, aka ɗaure da zoben roba. Na fara buga shafi biyu na gwaji na duba kafin a saki sauran, na kuma yi kwafi biyu. A kwanakin ƙarshe layin masu jiran bugu ya yi tsawo sosai, kowa yana sauri, kuma a cikin sauri ne ake ɗaure shafi a juye.

Ranar miƙawa kowa ya sa hannu a takardar shaida cewa sharhi da gabatarwa da waƙarsa aikinsa ne, ba kwafe ba. Ba wasa ba ne, an kira mutum biyu daga baya saboda sharhinsu ya zo iri ɗaya da abin da ke intanet kalma da kalma, aka ce su sake. Bayan haka aka ware darussa biyu kowa ya tsaya gaban aji ya karanta waƙa ɗaya ya amsa tambaya. Na zaɓi ta Hughes, ƙafafuna suna rawa, amma da yake na sha karanta ta da murya a gida bakina bai sarƙe ba. Tambayar da Malama ta yi wa kusan kowa iri ɗaya ce: me ya sa wannan ta biyo bayan waccan? Wanda ya jera da dalili ya amsa cikin daƙiƙu, wanda ya bi yadda ya same su ya tsaya yana kallon silin. Sakamako ya ɗauki makonni kafin ya fito. Makina ya yi kyau, kuma a gefen sharhin Kipling Malama ta rubuta cewa ba ta yarda da ni ba, a ganinta uban yana magana da yawa ne saboda tsoron abin da duniya za ta yi wa ɗan, amma ta ba ni cikakken maki don na kafa hujja da layukan waƙar. Waɗanda makinsu ya faɗi, abu uku ne suka kayar da su: jerin majiya da ba shi da shekara ko shafi, sharhin da ya zama tarihin mawaƙi, da waƙar da aka kwafo da kuskure.

Akwai abu ɗaya da ya taso bayan an gama, wanda ya kamata ku sani tun farko idan kuna da niyyar nuna kundinku ga duniya. An zaɓi wasu kundaye, har da nawa, za a sa su a shafin makaranta na intanet, sai ma'aikacin laburare ya tsayar da maganar saboda haƙƙin mallaka. Kwafin da ɗalibi ya miƙa wa malaminsa don maki abu ne daban da wallafa waƙar wani ga kowa da kowa. A ƙasashe da yawa haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Jonson ya rasu a 1637, Blake a 1827, Rossetti a 1894, Kipling a 1936, Thomas a 1953, don haka a irin waɗannan ƙasashe nasu sun fita. Hughes kuwa a 1967 ya rasu, Hayden a 1980, Achebe da Heaney duk a 2013, Okara a 2019, nasu suna da masu su. Lissafin Amurka daban ne, ga tsofaffin ayyuka ana ƙirga shekara 95 daga ranar bugawa, shi ya sa waƙar Hughes ta 1922 ta fita a can, ta Thomas da aka buga a farkon shekarun 1950 kuma ba ta fita ba. Tun da intanet ba ya tsayawa a iyakar ƙasa ɗaya, muka ɗauki hanya mafi aminci: a kwafin da aka ɗora, waƙoƙi shida, wato na Hughes, Hayden, Achebe, Heaney, Okara da Thomas, an bar sunansu da sunan mawaƙi da littafin da za a same su, da layi biyu ko uku da na kafa hujja da su a sharhi, aka cire sauran. Wannan ya sa na sake tsara shafuka da ƙumshiya daga farko, don haka idan kun san naku zai iya hawa intanet, ku ajiye fayil ɗin da ake iya gyarawa, kada ku bar PDF kaɗai.